Tukunyar Baƙi a Bakin Kwara

Anacha, Unguwar Hausawa, bakin kogi.

Zuwa ga jikata Haulatu 'yar Hammadu, a makarantar horon malamai ta Inugu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina lafiyarki, ina karatu, ina malamanku? Ni lafiyata lau, in ban da gwiwa, ita kuwa tun ba a haife ki ba muke rigima da ita.

Rabona da ke tun shekarar da aka sauke tutar Bature, ranar da kika dawo daga fili da 'yar tuta kore da fari kika soke mini ita a hula. Ga shi damina ta uku ta kama. Duk hutu sai ki wuce Fatakwal wurin uwarki Hajaratu. Ban ce komai ba. Amma ki sani mijinki na fari yana nan bai sake ki ba, motar Inugu kuma ba ta daina zuwa Anacha ba.

Maƙwabcinmu Malam Ernest Kure, akawun nan na kasuwar Ochanja, shi ke riƙe da alƙalami. Na ce ya rubuta yadda na faɗa, kada ya zuba mini gishirin boko.

Labarin gari, Kwara ta cika. Na ga cikarta shekarar husufin rana, da kaji suka shiga akurki da rana tsaka. A lokacin ruwa a gindin tsohon mangwaron masallaci ya tsaya. Bana ya wuce mangwaron, ya ci layin masu kifi, ya ci rumfunan masu albasa, ya zo ya tsaya a ƙofar zaurena kamar mai sallama. Ban ce masa ya shigo ba.

Waɗanda gidajensu suka faɗi sun zo wurina. To ina za su? Gidan nan masauki ne tun ina da baƙin gemu, tun fatake na sauko da wake da kanwa daga Lakwaja a kwalekwale. Ɗakunan fatake sun cika, ɗakin ajiya ya cika, har ɗakin ubanki, Allah ya jiƙansa, na buɗe na sa Rakiya mai ƙosai da goyonta. Kin san ba na buɗe ɗakin nan.

Tukunyar baƙi tana kan murhu. Babbar nan ta ƙarfe da kika taɓa faɗawa ciki kina rarrafe, muka yi ta nemanki har bakin kogi. Ƙanwata Dada ce ke juya ta, tana juyawa tana zagina. Tun da na aza ta ba a taɓa kifa ta ba, bana ma ba za a kifa ba. Saboda haka in kin ji surutu a Inugu kada ki tada hankalinki.

Gwandar da kika shuka a bayan ɗaki ta yi 'ya'ya. Na hana kowa taɓawa, tsuntsaye kawai suka ƙi jin magana.

Kakanki, Gimba na Indabawa, mai masauki.

Haulatu, wannan layi nawa ne, ni Ernest, bai san na ƙara ba. Abin ya fi yadda ya faɗa. Kwalekwalen fatake sun daina tsayawa, babu abin da ke shigowa gidan. Yara suna kwana a kan buhunan da babu komai ciki. Tuwon ya koma kunu, Baba kuma sai ya ce ya ci a waje, alhali ba inda ya je. Ban san abin da za ki iya ba, na dai ga bai kamata a ɓoye miki ba.

*

Inugu.

Zuwa ga Kaka Gimba.

Ina gaisuwa da girmamawa. Ina gwiwa, ina Dada, ina mutanen gida? Allah ya kiyaye gaba, ya mayar da abin da aka rasa. Ni lafiya lau, karatu da godiya.

Tsohon mijina, ka ce kada in tada hankalina. Kai da ka rene ni ka san wannan ce maganar da ta fi tada mini hankali. Na sami cikakken labari, kada ka tambaye ni daga ina.

Na zauna a bakin gado da takardarka na kasa tashi. Lai'atu, 'yar Kagoro da muke ɗaki ɗaya, ta karɓa ta karanta, ta ce, "Kuka za ki yi ko tashi za mu yi?" Muka kira Edith, ita 'yar Anacha ce, gidan gwaggonta ma ruwa ya ci. Kafin a kaɗa ƙararrawar abinci mun kafa ƙungiya, mun raɗa mata suna Ɗaliban Agajin Bakin Kogi. Wai ni ce shugaba, ni da ko gaban aji na tsaya sai muryata ta yi rawa.

Shugabar makaranta da farko ta ƙi. Ta ce an kawo mu koyon koyarwa ne, ba yawon kasuwa da kwano ba. Muka yi ta zarya a ƙofar ofishinta, kullum muna ƙaruwa, har ta gaji da ganinmu ta ce mu je, amma da malama a tare da mu.

Kaka, da ka gan mu a kasuwar Artisan! Farin kaya, daro a ka. Mahauta suka yi ta tsokanata, wai 'yar Hausa ta yi boko ta koma talla. Da na ce ni jikar Gimba ce mai masauki, wani dattijo a cikinsu ya ajiye wuƙa, ya ce ya taɓa kwana a gidanka da zazzaɓi, ya tara mana 'yan uwansa. Matan Ibo masu garin rogo kowace ta zuba mana, wata da ba ta da abin zubawa ta kwance zanen da ta yafa ta ba mu. Na rubuta wa Inna, ta bi masu kifi na Creek Road a Fatakwal, ta aiko da busasshen kifi a jirgin ƙasa. Yanzu muna da gari da wake da shinkafa da manja da barguna.

Mun sami mai lori. Ranar Asabar muna zuwa, ni da 'yan ƙungiya, in Allah ya yarda. Ka tara mutane a ƙofar gida su yi layi, gida gida, don rabon ya yi sauri, saboda lorin a ranar zai juyo da mu.

Ina roƙonka abu ɗaya. Kada ka dafa mana komai. Ko ruwan zafi. Mu muke kawowa.

Gwandata kuwa ka ba yara, zan sami wata.

Jikarka, Haulatu.

*

Anacha.

Haulatu.

Ina gaisuwa. Muna lafiya. Ernest ya ce in tsawaita gaisuwar, na ce a bar ta haka.

Takardarki ta zo, aka karanta a zaure, mutane na zaune. Na ji agaji, na ji layi. A ƙofar gidana! Na juya na dubi Ernest, shi kuma ya sami abin kallo a rufin zaure. Na gane bakin da ya kai labari. Ban yi masa magana ba sai yau, yau ma don ba ni da wani alƙalamin ne. Rubuta, Ernest, haka na ce.

Amma na ji an ce kina zuwa, sai sauran maganar ta bi iska. Na ce jikata za ta shigo gidan ubanta da baƙi 'yan makaranta, har da malamarsu, a ce ko ruwan zafi kada a dafa? A wane gari ake haka? Su koma Inugu su ce sun je gidan Gimba sun fito da busasshen baki?

Ragon nan da nake kiwo don ranar da za ki gama makaranta, wanda na ɗaure a kan tudu ruwa bai same shi ba, na sa aka yanka. Ban roƙi kowa komai ba, amma da mata suka ga jini sai kowace ta shiga ɗaki. Mai ƙullin shinkafa a bakin zane ta kwance, mai sauran manja ta tsiyaye. Rakiya ta kawo waken da ta tsira da shi a ka ranar da ɗakinta ya faɗi, jarinta ke nan. Na ce ta mayar, ta ce, "Baba, baƙon gidan nan ai baƙonmu ne." Dada ta ce mini, "Gimba, wannan ne ƙarshen abin da ke gidan nan." Na ce na ji, ta aza tukunya.

Asabar tun hantsi an gama. Aka share ƙofar gida, aka shimfiɗa tabarmin da suka bushe. Na sa rigata ta Salla na zauna a bakin hanya. Duk lorin da ya sauko sai yara su ruga suna ihu, sai ya wuce. Azahar ta yi. Ƙanshi ya cika gida, yara suna zagaya murhu. Kin san dokar gidan nan, ba a buɗe tukunyar baƙi sai baƙo ya wanke hannu. La'asar ta yi, ƙanana suka fara kuka. Na ce a ƙara haƙuri, yanzu za su iso. Na ce wataƙila taya ce.

Da rana ta yi ja, Dada ta zo ta tsaya a kaina da muciya a hannu. Ta ce, "Baƙinka ga su nan a tsakar gida tun da ruwa ya zo, kai kana kallon titi." Ta koma ta buɗe tukunya ba da izinina ba. Aka ci. Ni ban ci ba. Na ajiye miki cinya a akushi har ta soma wari, Dada ta zubar.

Washegari babu abin da za a zuba a tukunya. Dada ta wanke ta ta kifa. Na fito na gan ta a kife, ƙafafunta uku a sama. Tun shekarar da na sauka garin nan ban taɓa ganin gindinta ba.

Ban tambayi dalilin rashin zuwanki ba. Mai boko ba ya rasa dalili. Ki riƙe buhunanki, ki kai inda ake layi. Mutanen gidana ba za su tsaya a rana da kwano a hannu ana duban fuskarsu ba. Cikinsu akwai wanda a da shi ke ciyar da layin masu kifi gaba ɗaya.

Gwanda ta nuna ta faɗi da kanta.

Gimba.

*

Inugu.

Kaka,

Ina gaisuwa, ina neman lafiyarka da ta Dada da ta yaran gida. Na karanta takardarka sau ɗaya, ban iya maimaitawa ba.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa. Mun taso Asabar da sassafe. Kafin mu kai Oka muka tarar ruwan sama ya yanke hanya, rami ya buɗe a tsakiyar titi, motoci sun yi jerin gwano. Muka jira har yamma muna rufe buhuna da tamfol, da jikinmu ma. Mai lori ya ce ba zai kwana da 'yan mata a daji ba, ya juyo. Na aiko da saƙo ta bakin wani mai keke da ya ce zai bi ta gonaki, ashe bai iso ba. A daidai lokacin da kake zaune da rigar Salla, ni ina tsaye cikin taɓo ina kallon hanyar Anacha.

Yanzu bari in yi rashin kunya, ka yafe mini daga baya. Na ce kada ka dafa komai! Ka yanka rago, ka bar Rakiya ta ba da jarinta, ka sa yara masu yunwa suna zagaya tukunya tun hantsi saboda mu, mu da muka karya da shayi da burodi. Lai'atu da ta ji sai da ta fita waje.

Ni ma na yi nawa. Na rubuta layi kamar ban tashi a gidan nan ba. A makaranta komai da layi muke yi, har na manta akwai waɗanda gara su kwana da yunwa.

Ƙungiya ta rabu biyu. Wasu sun ce tunda mai gida ya ƙi, a kai kayan filin makarantar da aka tara sauran mutane. Can ma akwai buƙata, za mu kai rabi. Sauran rabin na ce a ba ni dama in sake magana da kai.

Ga tambayata. Ina ƙarama nakan zauna a zaure in ga fatake sun iso da kaya. Ba su taɓa kwance buhu da hannunsu ba. Sukan sauke a gabanka su ce, "Mai gida, ga amana." Kai ke buɗewa, kai ka san inda kowane buhu zai tafi, su nasu su wanke ƙafa su huta. To mu ma fatake ne daga Inugu. An gyara hanya, Asabar mai zuwa za mu iso da kaya, muna neman masauki. Ba layi, ba rabo, ba ruwanmu da wanda ya ci. Ka faɗa mini, gidan Gimba ya taɓa mayar da baƙo da kayansa a ka?

In ka ce kada mu zo, ba za mu zo ba. Amma ina so in ga ɗakin Babana a buɗe.

Jikarka da ba ta sake ka ba, Haulatu.

*

Anacha.

Zuwa ga Haulatu 'yar Hammadu, shugabar fataken Inugu.

Bayan gaisuwa mai yawa. Ina gajiyar hanya, ina taɓon Oka? A gaishe da Lai'atu da Edith da malamarku. A gaishe da mahaucin nan, na tuna shi, Bazazzagi ne mai tsoron allura. Mu muna nan yadda Allah ya ajiye mu. Ruwa ya ja da baya, ya bar mana laka da sauro.

Wannan takarda a hannun direban motar safe zan ba da ita, don kada ta yi irin tafiyar mai kekenki.

Kin ce rashin kunya za ki yi, kin kuwa yi. Ernest yana karantawa yana jin daɗi, har da ɗaga murya a wurin da ba a ce ya ɗaga ba. Dada ta ce a maimaita mata wurin shayi da burodi.

Kafin takardarki ta zo wani abu ya faru. Ina zaune a zaure bayan sallar asuba, sai ga Rakiya ta fito da goyo. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce za ta je duba wata 'yar uwarta. Na ga bakin kwano ya leƙo ta ƙarƙashin mayafinta. Ta ga na gani. Yaron a bayanta ko kuka ba ya yi, ya kwantar da kai kawai, nonon ya ƙafe. Na ce ta gaishe da 'yar uwar. Ta bi hanyar filin makaranta, ba ta dawo ba. An ce tana can ƙarƙashin baranda, wai kunyata take ji. Ita ke jin kunyata!

Fatake sun bar gidan nan da fushi, sun bar shi da asara, wani ma a makara ya bar shi. Ban taɓa ganin wanda ya bar shi da kwano a ɓoye ba.

Yanzu tambayarki. A'a, gidan nan bai taɓa mayar da baƙo da kayansa a ka ba. Shekarar da aka harbe masu haƙar kwal a Inugu, mutane suka zo nan a firgice, waɗanda ko Hausa ba sa ji, ban tambayi kowa addininsa ba. Ba a kan 'yan mata masu farin kaya zan fara ba. Ku zo. Amma ki gaya wa fatakenki dokar masauki, tunda ke kika tuno ta. Su sauke a zaure, hannunsu ya fita. Ni zan kwance, Dada ta auna, abinci ya shiga kowane ɗaki a rufe kamar yadda aka saba. Wanda ya ci, tuwon gidan Gimba ya ci. Kuma baƙi za su ci daga tukunyar, ko loma ɗaya ce, ko da daga wakensu aka dafa. A nan ba zan sassauta ba. Abin da na sassauta, yara za su riga su wanke hannu. Dada ce ta sa wannan.

Buhun wake ɗaya na Rakiya ne, ba na tukunya ba. Wannan tsakanina da ita ne.

Saura ke. Kin ce ku fatake ne. Su dai fatake ne, ke ba baƙuwa ba ce, a ɗakin nan aka yanke miki cibi. Lori ya juya da su in ya ga dama. Ki roƙi malamarku ta bar ki ki kwana ɗaya, in sa ki a motar Lahadi da hannuna. Ba don komai ba, akwai sunayen mutanen da suka gina unguwar nan, da inda kowa ya fito, da inda aka binne shi. Ruwa ya shafe alamun, yanzu a kaina kawai suke, kan kuwa ya soma yoyo. Ernest ya ce zai rubuta, na ce ba takarda nake so ba, kunne nake so, kuma na gida. In ba za a bari ba, to ki zauna kusa da ni a zaure har a gama sauke kaya, in dube ki da kyau. An ce kin yi tsawo.

Akwai gwanda ɗaya da ta rage a sama, ɗanya. Na ɗaure ta da tsumma saboda tsuntsaye.

Gobe da safe in Allah ya kai mu, in na idar da salla, zan ɗauki sandata in tafi filin makaranta. Zan bi layin nan daga farko har ƙarshe, kowa ya gan ni, sai na sami Rakiya. Ni zan riƙo mata kwanon a hanyar dawowa. In mun iso, zan kira Ernest ya kama mini, mu tada tukunya a kan ƙafafunta.

Kakanki, Gimba na Indabawa, mai masauki.